Doki mai firgita da jijiya mai ciwo

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san doki mai firgita. Wataƙila ranar hawan sallah aka harba bindiga dab da kunnensa, ko mota ta taɓa bangazarsa a titi. Raunin ya warke tuntuni, amma dabbar ba ta koma yadda take ba. Leda ta tashi a iska, sai ya zabura. Yaro ya buga gwangwani, sai ya yi tsaye da ƙafa biyu. Ba ƙeta yake yi ba, jikinsa ne ya saba ɗaukar kowane motsi a matsayin hatsari.

Haka jijiyar da ta daɗe tana ciwo take. Likitoci suna ce wa ciwo daɗaɗɗe idan ya haura wata 3. Ciwon suga yana lalata jijiyoyin tafin ƙafa, faifan ƙashin baya yana danne jijiyar da ta gangara daga ƙugu zuwa dunduniya, kuturta ma tana tata ɓarnar. Wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji zugi a yatsun da babu su. Idan abin ya yi nisa, laka da ƙwaƙwalwa su ma sai su riƙa zuzuta saƙon da ke zo musu, har zanin gado ya goga ƙafar mace ta kwana tana salati.

Mai dokin da bai san kan doki ba, ɗayan biyu yake yi: ko ya sa bulala, ko ya ɗaure shi a turke ya daina hawa. Mu ma haka muke wa majinyaci. Wani ya ce masa, "Haba, daure mana, kai fa namiji ne." Wani ya ce ya kwanta kada ya motsa, har tsoka ta saki, gaɓoɓi su sandare. Daga nan sai kemis, sai tramadol, wanda mun ga irin gidajen da ya rusa. Maganin ciwon kai da na ciwon jiki ba su cika taɓa wannan zugi ba. Akwai waɗanda likita ke rubutawa, irin su amitriptyline da gabapentin, suna ragewa ga wasu, amma ba sa koya wa ƙafa takawa.

Koyarwar aikin likitan fisiyo ne, wanda muke cewa gashin ƙashi. Mutum ya je Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano yana sa ran za a jona masa na'ura, sai a miƙo masa auduga. Da yawa ransu yakan ɓaci. A ce ya shafa audugar a gefen wurin ciwon, mintoci kaɗan, sau da yawa a yini. Idan fata ta saba, a koma atamfa, sannan tawul, sannan ya cusa hannu cikin kwanon gero. Daidai yadda gwanin barga ke kaɗa gwangwani daga nesa, gobe ya matso taku ɗaya, ba ya wuce inda dokin zai iya jurewa. Tun 1965 masana Melzack da Wall suka bayyana yadda shafa da motsi ke rage saƙon ciwo tun a laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Mai yankakkiyar gaɓa kuwa akan sa masa madubi, ya motsa mai lafiyar yana kallo kamar ɗayar ce, dabarar da masani Ramachandran ya fito da ita bayan 1990.

Akwai kuma masu koya wa majinyaci komawa ayyukansa na yau da kullum, ko da yake sun yi ƙaranci a asibitocinmu. Su tambayarsu ita ce: me ciwon ya hana ki? Daka, ko wanki, ko taka keken ɗinki? Sai a naɗe mariƙin ludayi ya yi kauri, a ɗaga kujerar tsakar gida, a raba wanki kashi uku. Abin da ya fi wuya shi ne ranar sauƙi. Ranar ce uwar gida ke share gida da wanke tulin kaya, ta kwanta kwana uku. A ganina nan ne aka fi yin asara, domin tsayawa tun ba a gaji ba ya fi daurewa wuya ga wadda ta saba aiki.

Sai dai doki yana iya daina firgita gaba ɗaya, jijiya kuwa ba kullum ba. Wadda aka yanke aka ɗinke tana tofowa ne kimanin milimita 1 a rana, wadda suga ya cinye kuma da ƙyar take dawowa. Ƙafar mai suga tana iya zugi alhali ba ta jin zafin wuta, shi ya sa ake hana shi gasa ta da garwashi ko tsoma ta a ruwan zafi. Ya gwada ruwan da gwiwar hannu, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare.