Katin Banki a Ƙasar Waje: Inda Kuɗin Matafiyi Ke Zurarewa

Katin banki da ke aiki lafiya lau a cikin gida yakan sauya hali da zarar mai shi ya tsallake iyaka, domin duk cinikin da aka yi da shi a wata ƙasa sai ya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya kammala, kuma kowane hannu yana da abin da yake yanka. Akwai bankin da ya ba da katin, akwai kamfanin da ke sada bankunan duniya da juna, wanda galibi Visa ne ko Mastercard, akwai bankin mai shago ko mai otal, sannan idan tsabar kuɗi aka cira akwai mai injin ATM. Kaɗan ne daga cikin waɗannan caje-caje ake rubutawa a fili, mafi girmansu kuwa yakan ɓuya ne a cikin farashin canji, inda mutum ba ya ganinsa sai ya zauna ya yi lissafi. Don haka ba kuɗin karɓar kati ko na sabunta shi ne ma'aunin araharsa ba. Ma'aunin shi ne adadin da ya fita daga asusu a madadin kowane riyal 100 ko yuro 100 da aka kashe.

Fahimtar wannan lissafi tana farawa ne daga abin da ake kira farashin tsakiya. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen 'yan canji a Wapa ta Kano ya san cewa dala tana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce ribar ɗan canji. Haka abin yake a manyan kasuwannin kuɗi na duniya, sai dai a can ratar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma adadin da ya faɗo daidai tsakiyar farashin biyu shi ne mizanin da ake auna kowane canji da shi. Visa da Mastercard suna fitar da nasu farashin kowace rana, wanda yakan kasance dab da na tsakiya, kuma kowannensu yana da shafi a intanet da mutum zai duba farashin ranar da ya yi ciniki. A kan wannan farashi ne bankin mai kati yake ɗora nasa kamashon na hulɗa da kuɗin waje, wanda a bankuna da yawa yake kamawa daga kashi 1 zuwa kashi 3 cikin ɗari, ko da yake akwai katunan da aka yi musamman don matafiya waɗanda ba su da shi sam. Wani bankin kuma ba ya ambaton kamasho ko kaɗan, sai ya yanke nasa farashin dala na ranar ya yi lissafi da shi, kuma wannan ya fi wuyar ganewa, tun da takardar bayanin asusu ba za ta nuna wani caji dabam ba alhali kuɗin ya riga ya tafi.

Irin kuɗin da ke cikin asusun da katin yake jingine da shi yana da tasiri babba, saboda sau da yawa canji biyu ake yi a ciniki ɗaya. Idan aka biya kuɗin masauki a Makka da katin naira, riyal ake fara mayarwa dala, sannan bankin gida ya mayar da dalar naira a nasa farashin, kuma a mataki na biyun ne asara ta fi yawa. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, dirhamin Daular Larabawa ma a ɗaure yake a kan 3.6725, saboda haka mai katin da ke jingine da asusun dala yana iya sanin abin da zai biya a Jidda ko Dubai tun kafin ya bar gida: kuɗin otal na riyal 1,000 bai kai dala 267 ba, kuma kamashon kashi 3 cikin ɗari a kansa dala 8 ne. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi suna da irin wannan sauƙin ta fuskar Turai, domin sefa 655.957 ce yuro ɗaya tun 1999, abin da ya rage musu shi ne kamashon da bankinsu ya ɗora. Amma idan Saudiyya ko Sin suka nufa, su ma canjin yana shafarsu kamar kowa.

Tarkon da ya fi kama matafiya, har da waɗanda suka saba da tafiya, shi ne tambayar da na'urar POS ko injin ATM ke yi a daidai lokacin biya: ko mutum yana so a caje shi da kuɗin ƙasar da yake ciki, ko da kuɗin da katinsa ya sani. Zaɓi na biyu yana da daɗin gani, tun da baƙo zai ga adadin da ya fahimta a rubuce, kuma yakan zo da kalamai masu kwantar da hankali, irin su tabbataccen farashi ko rashin kamasho. Abin da yake faruwa a zahiri shi ne, an karɓe aikin canjin daga hannun Visa ko Mastercard an miƙa shi ga kamfanin da ke hulɗa da mai shagon, wanda zai yanke farashin da ya ga dama, ya kuma ba mai shagon wani kaso daga ribar. Ƙarin yakan wuce kashi 3 cikin ɗari, a wasu injinan yakan haura kashi 10, kuma hakan ba lallai ne ya hana bankin gida cire nasa kamashon ba, domin wasu bankunan suna cajin duk cinikin da aka yi a waje ko da wane irin kuɗi aka yi shi. A ƙaddara ƙarin kashi 7 ne a kan wancan kuɗin otal na riyal 1,000: kusan dala 19 ke nan ta tafi a latsa maɓalli ɗaya, ba tare da mai katin ya sami komai a madadinta ba. Ƙa'idojin Visa da Mastercard sun wajabta a bar wa mai kati zaɓi, kuma Tarayyar Turai ta tilasta tun 2020 a nuna masa yawan ƙarin da aka yi a kan farashin Babban Bankin Turai, amma ma'aikacin otal da ke gaggawa yakan latsa wa baƙo da kansa. Abin takaici ne yadda wannan dabara ta fi cin wanda bai iya harshen wurin ba, wanda kuma yake jin nauyin tsayar da layi don ya yi tambaya. Amsar da ta dace ba ta sauyawa: riyal a Saudiyya, lira a Turkiyya, fam a Ingila, kuma a duba rasit kafin a bar wurin.

Cirar tsabar kuɗi tana da nata lissafin, saboda yawancin cajinta tsayayye ne, ba ya la'akari da yawan abin da aka cira. Idan jimillar cajin banki da na mai inji dala 5 ce, wanda ya ciri dala 50 ya biya kashi 10 cikin ɗari, wanda ya ciri 300 kuwa bai kai kashi 2 ba, don haka cira kaɗan-kaɗan kullum ita ce hanya mafi tsada. Injinan da ke jikin rassan bankuna sukan fi sauƙi a kan na kamfanoni masu zaman kansu da ake girkawa a filayen jirgin sama da wuraren 'yan yawon buɗe ido. Wasu ƙasashen kuma cajin ya game ko'ina, kamar Tailan, inda injinan bankuna suka daɗe suna karɓar tsayayyen caji a kowace cira da katin waje.

Katunan kansu iri uku ne. Na farko shi ne katin ajiya, wato katin da ke cira kai tsaye daga kuɗin da mutum ya ajiye, wanda shi aka fi sani a ƙasar Hausa. Na biyu katin da ake zuba masa kuɗi tun kafin tafiya, ba ya kuma kashe fiye da abin da aka zuba. Na uku katin bashi, wanda banki ke biya wa mutum sannan ya biya daga baya. Katin bashi yana da amfanin da ba a musantawa, domin manyan otal-otal da kamfanonin hayar mota sukan riƙe wani adadi a matsayin jingina, kuma idan katin ajiya aka bayar, kuɗin mutum na gaske ne za a daskarar, wani lokacin har makonni bayan ya bar wurin. Amma cirar tsabar kuɗi da katin bashi babban kuskure ne, tun da ana cajinta kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari nan take, kuma kuɗin ruwa yana fara hawa tun daga ranar, babu wa'adin rangwamen da ake bayarwa a sayayya. Ga Musulmi akwai abin da ya fi lissafi nauyi: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashin da aka shardanta kuɗin ruwa a cikinsa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi ya cika. Wanda yake son kauce wa wannan yana iya tsayawa a kan katin ajiya, ko ya tuntuɓi bankunan da ba su hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, ya kuma auna farashin canjinsu kamar yadda zai auna na kowa.

A Najeriya, tambayar farko ma ita ce ko katin zai yi aiki a waje. A 2022, lokacin da dala ta yi ƙaranci, bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, kuma sai a tsakiyar 2025 manyan bankuna suka fara sanar da sake buɗe ta, kowanne da iyakar da ya gindaya. Iyakar tana sauyawa daga banki zuwa banki, kuma tana iya sauyawa mutum yana tsakiyar tafiya, shi ya sa asusun dala da katinsa ya zama madogarar 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa jinya Masar ko Indiya. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina biyan kuɗin guzurin tafiya da tsabar kuɗi, su riƙa biya ta kati da sauran hanyoyin zamani. Alhazan 2025 sun samu sassauci aka ba su guzurinsu a hannu, kuma dalilin a bayyane yake: dattijon da bai taɓa tsayawa gaban injin ATM ba, idan aka damƙa masa kati a ƙasar da bai san harshenta ba, ƙarshenta miƙa katin zai yi tare da lambar sirrin ga wani ya cire masa, wanda hatsarinsa ya fi kowane kamasho. Koyar da maniyyata amfani da kati a lokacin bita ya cancanci kulawa irin wadda ake ba sauran shirye-shiryen tafiya.

Tambarin da ke jikin kati shi ma abin dubawa ne. Verve da AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023, ƙarfinsu a cikin gida yake, katin GIM-UEMOA kuma an gina shi ne don ƙasashe takwas na yammacin Afirka masu amfani da sefa, sai dai in an haɗa shi da Visa ko Mastercard. A Sin, inda fataken Kano ke zuwa sarin kaya a Guangzhou, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar katin waje, ciniki ya koma kan manhajojin Alipay da WeChat Pay. Tun 2023 aka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katinsu da su, ba a cajin cinikin da bai wuce yuan 200 ba, abin da ya haura kuwa ana cire kashi 3 cikin ɗari. A Landan motocin bas sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, don haka katin da ake kusantowa jikin na'ura ba tare da an zura shi ba ya zama larura. Kamfanoni irin su Wise da Revolut sun yi suna wajen canji dab da farashin tsakiya, amma katinsu na mazauna ƙasashen da suke da lasisi ne, wato ya fi amfanar Hausawan da ke zaune a Turai ko Amurka, kuma su ma suna da iyakar cira kyauta a wata.

Gwajin da ya fi kowace talla gaskiya shi ne a yi ƙaramin ciniki da kuɗin waje kafin tafiya, a duba abin da aka cire, a kwatanta shi da farashin Visa ko Mastercard na ranar; bambancin shi ne ainihin tsadar katin. Ya kamata kuma a tambayi banki iyakar kashewa ta rana da ta wata, da cajin cira a waje, da ko sai an kunna katin a manhaja kafin ya yi aiki a wata ƙasa. Bankuna da yawa suna aika lambar tabbatarwa ta saƙon waya, saboda haka wanda ya cire layinsa na gida ya sa na ƙasar da ya sauka zai iya kasa sayen tikitin jirgi a intanet alhali asusunsa cike yake. Kati biyu daga bankuna biyu, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, a ajiye su wuri dabam-dabam, tare da tsabar kuɗin da za ta ɗauki kwana biyu ko uku, sun isa kare mutum daga toshewar kati ko ɓacewarsa. Wanda zai ɗauki tsabar kuɗi mai yawa kuma ya sani cewa abin da ya haura dala 10,000 wajibi ne a bayyana shi ga jami'an kwastan a Najeriya da Amurka, a Tarayyar Turai kuwa wajibcin yana farawa ne daga yuro 10,000.