Ko Kun Sani? Ƙurajen Fuska Ba Na 'Yan Balaga Kaɗai Ba Ne

Mace ɗaya cikin huɗu masu shekara 40 zuwa 49 na fama da ƙurajen fuska, kamar yadda wani binciken Amurka ya gano a 2008. A shekarun balaga, samari ne suka fi shan wuya, goshi da hanci su cika da maiƙo da ƙananan ƙuraje. Da an wuce shekara 25 sai reshe ya juye da mujiya, mata su fi yawa. Nasu kan sauko haɓa da muƙamuƙi, 'yan kaɗan ne amma masu zurfi, a taɓa a ji zafi, kuma sukan taso dab da jinin al'ada.

Tushen duka ɗaya ne. Sinadarin androjin na sa fata ta yawaita mai, ƙofofin gashi su toshe. A matashi sinadarin hauhawa yake yi, a mace kuwa sinadaran jikinta ne ke hawa da sauka kowane wata. Man bilicin mai sitiroyid, wanda ake shafawa don kyau, shi ma ƙara tono ƙurajen yake yi.