Ƙyalle ba ya tare ƙurar zinare

A watan Disamba na 2024 ministan ma'adanai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adanai da gwamnatin tarayya ta ƙaƙaba wa jihar Zamfara tun Afrilun 2019. An yi ta maganar tsaro da kuɗin shiga da masu zuba jari. Abin da ba a cika ji ba shi ne maganar huhun matashin da zai tashi daga Maradun ko Talata Mafara ya nufi wurin haƙa, ya wuni a bakin injin niƙa dutse, kansa da girarsa sun yi fari fat, ba abin da ya raba hancinsa da ƙura sai guntun ƙyalle ko bakin rawani.

Zamfara ba ta buƙatar a ba ta labarin wannan ƙura. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya yi mata mummunan kamu. Dutsen da ake haƙowa don zinare yana cike da dalma, ana kai shi cikin gidaje ana dakawa, ana niƙa shi a injinan da aka saba niƙa hatsi da su. Yara kusan 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani. Na'urar gwajin jini da aka fara zuwa da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce maikirogiram 65 na dalma, jinin yara da yawa kuwa ya zarce iyakarta, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin 5 ma ya isa a tashi tsaye. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ba ta samu nata aikin ba sai 2013. A 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Dalma ce ta yi suna, amma tana da abokiyar tafiya da ba a ambata: silika, sinadarin da ke cikin farin dutsen da zinare ke maƙale a jikinsa. Ƙurar da ido ke gani, mai sa atishawa, yawancinta hanci da maƙogwaro ne ke tare ta. Mai kisan ita ce wadda ba ta kai maikiron 5 ba, gashin kai guda kuwa kaurinsa na kai wa wajen maikiron 70. Wannan ƙura takan wuce har ƙuryar huhu inda iska ke shiga jini, ta zauna. Jiki ya yi ta ƙoƙarin cinye ta ya kasa, sai tabo ya riƙa maye gurbin nama mai laushi. Shekaru kaɗan mutum ya fara haki idan ya ɗauki buhu, sai tari, sai rama. Wannan tabo ba ya warkewa, babu maganin da ke mayar da huhu yadda yake, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa sosai. Mutum nawa aka ce tarin fuka ne ya kai su, alhali tushen ciwon yana bakin inji?

To me ya sa ƙyalle ba ya aiki? Ramukan saƙar atamfa ko rawani sun fi irin wannan ƙura girma nesa ba kusa ba, kuma iska na bi ta gefen hanci da kumatu ba tare da ta ratsa ƙyallen ba. Shuɗin takunkumin asibiti da muka saba da shi lokacin korona ma haka, an yi shi ne don tare yawun mai magana, ba ya manne wa fuska. Takunkumin aiki na gaskiya, wanda ake rubuta wa N95 a tsarin Amurka ko FFP2 a tsarin Turai, ba rariya ba ne da ke tare manya ta saki ƙanana. Cikinsa curin zaruruwan roba ne sirara ƙwarai, a harɗe, kuma an ɗura musu cajin lantarki mai jawo ƙura. Manyan ƙwayoyi kan yi karo da zare su maƙale, ƙanana can kuma saboda yawon da suke yi a iska sukan faɗa wa zare, na tsakiya cajin ya fizgo su. Shi ya sa ba a wanke shi. Ruwa da sabulu na kashe cajin, a bar mutum da abu mai kama da takunkumi wanda ƙarfinsa ya tafi. N95 na tare aƙalla kashi 95 cikin ɗari a gwaji, FFP2 kashi 94, FFP3 kashi 99. Ga mai tsayuwa a bakin injin niƙa dutse mai dalma, abin da ya dace shi ne na roba mai rufe hanci da baki, mai matatai biyu da ake sauyawa, irin P100 ko P3, wanda ake goge robarsa a ci gaba da amfani da ita.

Duk waɗannan alƙaluma na matata ne, ba na fuska ba. Idan akwai kafa tsakanin takunkumi da fata, iska za ta bi nan, domin nan ya fi mata sauƙi. Igiyoyin biyu za a ɗaura, a matse ƙarfen kan hanci, a rufe da tafin hannu a yi numfashi a ji ko iska na fita ta gefe. A nan akwai maganar da dole a faɗe ta a fili: gemu yana hana takunkumi mannewa, ko da na kwana biyu ne ya tsiro daidai inda robar ke zama. A ƙasarmu gemu abu ne na addini da mutunci, ba wanda zai zo ya ce wa magidanci ya aske don aiki. Akwai na'ura mai hula da batir da ke huro tacacciyar iska, wadda ba ruwanta da gemu, amma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan haƙa. Abin da ya rage shi ne a rage ƙurar tun daga tushe, a kuma lura da wanda ake sa wa a aikin da ya fi ƙura.

Matatar ƙura kuma ƙura kaɗai take tarewa. Masu ƙona zinare da zaiba suna shaƙar tururin da ba shi da launi ba shi da wari, yana ratsa N95 kamar babu shi, ya tafi ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya bar mutum da karkarwar hannu da mantuwa. Wannan tururi sai matata ta musamman da aka yi don zaiba, wadda ita ma a tsarin Turai ba a wuce awa 50 da ita. Mafi sauƙi a ƙona a cikin rufaffen tukunyar ƙarfe da ke mayar da tururin ya koma zaiba, a fili, nesa da gida. Cikin rami mai zurfi kuwa, inda iska ta yi ƙaranci ko hayaƙin janareta ya taru, babu takunkumin tacewa da zai ceci kowa, domin ba ya ƙera iskar shaƙa.

Ba 'yan haƙa kaɗai abin ya shafa ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin shinkafa da kayan lambu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma a yau da wuya ka ga gonar da ba a shiga da injin feshi na goyo. Yawanci ma yaro ake ba aikin, da singileti da silifa. Maganin ƙwari da na ciyawa na zuwa ta fuska biyu, ɗigon feshi da kuma tururi, saboda haka matatar da ta dace ita ce mai haɗe da gawayi na musamman da ke tsotse tururi, da kuma sashen tare ɗigo. Gawayin yana cika, kuma ko a ajiye yake yana ci gaba da tsotsar abin da ke iska, don haka a leda mai rufi ake adana shi, a sauya shi kafin a fara jin wari. Sai dai mai feshi ya sani yawancin gubar ta fata take shiga, musamman lokacin haɗa magani da hannu. Safar hannu ta roba, da doguwar riga, da takalmi, da bai wa iska baya, ba su gaza takunkumi muhimmanci ba. Ƙyallen da ya jiƙe da feshi kuwa ya fi babu sharri, domin ya riƙe gubar a bakin mutum.

Ni a ganina babban kuskuren da za a yi shi ne a raba takunkumi a ɗauki hoto a ce an gama. Yaran Bagega da Dareta ba a bakin inji akasarinsu suka sha gubar ba, a tsakar gida ne, daga ƙasar da suke rarrafe a kai suna kai hannu baki, da rigunan iyayensu. Takunkumin uba ba zai hana wannan ba, kuma ba a ƙera shi don fuskar yaro ba. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne ruwa. Wani aiki da MSF ta yi da ƙungiyar OK International a wuraren haƙa na arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa a inda ake fasa dutse da niƙa shi ya rage dalmar da ke iska da kusan kashi 95, silika kuma da kusan kashi 80. Wannan kariya ce ga kowa da ke wurin, mai gemu da marar gemu, har da yarinyar da ta kawo tallan abinci.

Nauyin nan bai kamata ya hau kan lebura mai neman na cefane ba. Mai rami da mai inji da dillalin da ke sayen zinare su ke kwashe riba, su ya kamata su sayi tankin ruwa da matatai, su tanadi wurin wanka da sauya kaya kafin a koma gida. Tunda lasisi ake bayarwa yanzu, a sa wannan cikin sharaɗi, a kuma riƙa zuwa dubawa. Masarautun Maradun da Talata Mafara da Bakura na da ikon hana shigo da dutse cikin gari a niƙa, masu shagunan maganin feshi kuma a wajabta musu ajiye matatai na ƙwarai kusa da kwalaben da suke sayarwa, su kuma nuna wa mai saye yadda ake ɗaura su.