In Ɗan Gida Ya Dawo Daga Gidan Yari

'Yan'uwa manoma, ranar da aka saki mutum daga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, ya hau mota zuwa Bichi ko Ɗambatta ko Kunchi, wahalarsa ba ta ƙare ba tukuna. Sau da yawa a ƙofar gida take somawa.

Ku duba yadda ƙasarmu take. Gona na jikin gona, babu sauran daji da mutum zai sara. Wanda aka ɗaure yakan tarar 'yan'uwa sun jinginar da gonarsa don biyan tara ko kuɗin shari'a, an sayar da awakin da ke ba shi taki, rumbu kuma wayam. In sakin ya faɗo bayan shuka, damina ta wuce shi, sai ya jira baɗi. Masu neman 'yan ƙwadago kuma suna gudunsa. Yunwa da kunya in sun haɗu, su ke kora mutum birni, wurin abokan da suka jefa shi a rami tun farko.

Ku tuna, ba duk wanda ya kwana a gidan yari ke da laifi ba. A Nijeriya mafi yawan tsararru jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A 2019 aka yi sabuwar doka, aka mai da gidajen yari gidajen gyaran hali. Dokar ta tanadi koyar da sana'a, da aikin al'umma maimakon ɗauri a kan ƙananan laifuffuka, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Amma hukuma ba ta raba gona ko iri. Wannan aikinmu ne.

Ƙungiya ta fara tun kafin ya fito. A ziyarce shi, a san ranar sakinsa, a yi wa gonarsa gayya don kada iyalinsa su sayar. In ya dawo, dattawa biyu su raka shi wurin mai unguwa, sannan wurin wanda ya yi wa laifi, a nemi gafara, a shirya yadda zai biya sannu a hankali. A ba shi rancen 'yan tiyoyin gero da wake, ya mayar da kaka. In rani ne, a nema masa aron fili a wurin noman rani na Watari ko Tomas. In ya koyo kafinta ko ɗinki, ƙungiya ta zama mai cinikinsa na farko.

A yi da hankali kuma. Kada a damƙa masa akwatin kuɗi nan da nan, kada kuma a riƙa kiransa da sunan laifinsa. Amana da kaɗan-kaɗan take dawowa. Ku kawo wannan magana a taronku na wannan wata: wa ke ciki daga ƙauyenku, wa zai kula da gonarsa?