Hoton kullum kafin gashi ba ɓata lokaci ba ne

Ƙorafin da ake yawan ji daga dattawan da ake yi wa gashin sankarar furostet shi ne, kullum sai an ba su ruwa sun sha, su zauna fitsari na matsar su, sannan a ɗauki hoto, alhali jiya ma an ɗauka. Har ana raɗe-raɗin wai dabarar ƙara kuɗi ce. Maganar nan tana sosa mini rai.

Furostet ba a kafe take ba. Tana ƙarƙashin mafitsara, dubura na bayanta. Mafitsara ta cika, furostet ta matsa. Iska ta taru a hanji, ta gusa 'yan milimita. Ƙwarya ce a kan ruwa. Maharbi ba ya sakin kibiya inda ya ga barewa jiya, wanzami ma sai ya shafa wurin kafin ya sa aska. Shi ya sa wasu asibitoci ke dasa zinariya guda uku a cikin furostet, kowace kamar ƙwayar shinkafa, hoto ya nuna su, a gyara gadon majinyaci, sannan a saki hasken gashin. In aka kuskure, dubura ce za ta gasu, jini ya biyo baya. Yanzu kuma da binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna zaman gashi 20 kan wadatar maimakon 37, kuskuren rana guda ya ƙara nauyi.

Sai dai hoton ma yana buƙatar mai sa masa ido. A garin Epinal na Faransa, tsakanin 2004 da 2005, masu wannan cuta 24 sun sha hasken da ya wuce ƙima saboda kuskuren lissafi, wasu suka rasu. Daga baya aka gano wasu ɗaruruwa da ba a lissafa hasken hoton kullum cikin kasonsu ba.

Mudu sai ana gwada shi. Kowace safiya, kafin majinyaci na farko, ana ɗora wani abin gwaji a gadon, a tabbatar inda hoto ya nuna nan hasken ke sauka. Tun 1969 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ke aika wa asibitoci ƙananan ma'aunai ta gidan waya don tantance na'urorinsu.

Jami'anmu kuwa, ranar ƙaddamar da sabuwar na'ura, kuɗinta ake ta ambata. Na so in ji an faɗi yawan masana fiziks da aka ɗauka, da ranar da wani daga waje zai zo ya auna ta.