Dalasi: Kuɗin Gambiya Da Labarin Da Ke Jikinsa

Idan muka buɗe taswirar Afirka ta Yamma, za mu ga wata siririyar ƙasa kwance a gefen kogi, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina ban da bakin teku. Wannan ita ce Gambiya. Senegal na amfani da sefa, amma Gambiya tana da kuɗinta na kanta, sunansa dalasi.

Gambiya ta samu 'yanci daga Ingila a 1965. A 1971 ta kafa babban bankinta, ta ajiye fam, ta fito da dalasi, inda aka canza fam ɗaya a kan dalasi biyar. Dalasi ɗaya butut 100 ne, kamar yadda naira take kobo 100.

Sunan ma ba baƙo ba ne a kunnenmu. Ana danganta shi da "dala", sunan da aka laƙaba wa tsabar faran biyar ta Faransawa. Har gobe a kasuwannin Nijar, sefa biyar ita ce dala.

Hotunan da ke jikin kuɗin suna da nasu labarin. A kan tsabar butut ɗaya akwai gyaɗa, babban amfanin gonar ƙasar, a kan dalasi ɗaya kuma akwai kada. Takardun farko suna ɗauke da hoton Shugaba Dawda Jawara. A 2015 Yahya Jammeh ya sa nasa hoton. Ya bar mulki a 2017, kuma a 2019 aka fito da sababbin takardu masu hoton tsuntsayen ƙasar. Shugaba na tafiya, tsuntsu kuwa na kowa ne.

To amma ado ba ya ba kuɗi daraja. Tun 1986 kasuwa ce ke yanke farashin dalasi. Gambiya tana sayo shinkafa da man fetur daga waje da kuɗin ƙetare, kuma tana samun wannan kuɗin ne daga gyaɗa, 'yan yawon buɗe ido da abin da 'yan ƙasar mazauna waje ke aikowa gida. Idan waɗannan suka ragu, dalasi ya faɗi, buhun shinkafa ya yi tsada a Banjul, ɗalibi ya ji a kuɗin tararsa.

Saboda haka idan malamin tattalin arziki ya tambaye mu abin da ke riƙe darajar kuɗi, mu fara duba abin da ƙasa take sayarwa da abin da take sayowa.