Tsohon Laifin Jarrabawa A Ƙofar Makarantar Likitancin Haƙori

Ɗalibin da ke son zama likitan haƙori a ƙasar Amurka yana da doguwar tafiya a gabansa. Galibi sai ya kammala digiri na farko, ya kuma zauna wata jarrabawa da ake kira DAT, wadda Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ke shiryawa. A cikinta akwai tambayoyi 40 a kan ilmin halittu, da 60 a kan kemistiri, da wasu 90 na gwada yadda ido da ƙwaƙwalwa ke gane siffofin abubuwa. Bayan haka sai ya cika takardar neman shiga, wadda akasarin makarantun ƙasar ke karɓa ta hannun wata cibiya guda mai suna AADSAS. To, a cikin wannan takarda akwai wata tambaya da ba ta bukatar karatun dare, domin amsarta i ce ko a'a, amma ita ce ta fi hana waɗansu ɗalibai barci. Tambayar ita ce ko wata makaranta ta taɓa hukunta mai neman a kan satar amsa, ko kwafar aikin wani, ko wani laifi na rashin ɗa'a.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 18, a zangonsa na farko a jami'a. An ba su aikin ɗakin gwaje-gwaje, ya yi sakaci har ranar miƙa rahoto ta zo, sai ya kwafi na abokinsa. Malami ya gane, domin kuskuren lissafin da ke cikin wannan shi ne a cikin wancan. Aka ba shi sifiri, aka ajiye takardar gargaɗi a fayil ɗinsa. Shekara huɗu sun wuce, bai sake ba, sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai, kuma takardar sakamakon ba ta nuna kome game da wancan al'amari ba. Yanzu ga shi gaban tambayar, zuciya tana raya masa cewa in ya ce a'a, wa zai sani?

Kafin a zo ga amsa, ya kamata a fahimci dalilin tambayar, kuma dalilin yana cikin baki ne. Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori, wanda masana ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Amma ƙwayoyin halittar da ke gina shi suna gama aikinsu su gushe a lokacin da haƙori ke hudowa. Saboda haka fata takan warke in an yanke ta, ƙashi yakan haɗe in ya karye, amma ɓawon haƙorin da likita ya kankare da injinsa ya tafi ke nan har abada, sai dai a cike gurbin da wani abu. Bugu da ƙari, mara lafiya ba ya ganin abin da ake yi masa. Yana kwance, baki buɗe, an kashe masa dasashi da allura. In likita ya ce haƙori uku ne suka ruɓe, ba shi da hanyar musu. In ɗan siririn ƙarfen da ake share cikin saiwar haƙori da shi ya karye a ciki, ko kuwa aka taɓa jijiyar da ta bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa wajen cire turmin ƙarshe, har leɓe ya daina jin taɓi, likitan ne kaɗai ya san abin da ya faru, kuma shi kaɗai zai iya faɗa ko ya yi shiru. Wannan ya sa Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta sanya faɗin gaskiya cikin ginshiƙai biyar na ƙa'idojin aikinta.

Masu zaɓen ɗalibai kuma ba zato kawai suke bi ba. A shekarar 2005 wata likita mai suna Maxine Papadakis, ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, tare da abokan aikinta, suka buga wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Sun ɗauki likitoci 235 waɗanda hukumomin ba da lasisi suka hukunta tsakanin 1990 da 2003, dukansu tsofaffin ɗaliban makarantu uku, suka kwatanta su da takwarorinsu 469 da suka fito daga makarantun nan amma ba a taɓa hukunta su ba. Sai suka koma suka buɗe fayilolinsu na zamanin ɗalibta. Abin da suka gano shi ne alaƙar da ke tsakanin rashin ɗa'a a makaranta da hukunci a bakin aiki ta kai kimanin ninki uku, ta kuma zarce ninki takwas ga waɗanda aka rubuta musu tsananin rashin riƙon alhaki. Wani hali da ya fito fili shi ne na ɗalibin da ba ya karɓar gyara. Raunin maki kuwa, wanda kowa ya fi tsoro, alaƙarsa da hukunci ba ta kai haka ƙarfi ba.

Sai dai mai karatu ya lura da iyakar wannan bincike. A kan likitocin jiki aka yi shi, kuma halinsu a cikin makarantar likitanci aka duba, ba abin da suka yi kafin shigarsu ba. Har ila yau, a cikin waɗanda ba a taɓa hukuntawa ba ma an sami masu tabo a fayil. Watau binciken bai ce duk wanda ya yi tuntuɓe yana yaro zai zama mugun likita ba. Abin da ya nuna shi ne halin da ake maimaitawa, da ƙin gyaruwa, sukan bi mutum har ɗakin duba marasa lafiya.

Su kansu makarantun haƙori sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2006 aka kama ɗalibai goma a Jami'ar Nebada da ke Las Begas sun yi amfani da kalmar sirrin wani malami a kwamfuta, suna sa hannu a kan bayanan aikin asibiti a madadinsa. A 2007 kuma makarantar haƙori ta Jami'ar Indiyana ta hukunta ɗalibai 46 a kan buɗe hotunan jarrabawa da aka kulle kafin ranar zama. Makarantar da ta ga irin wannan ba za ta ɗauki tambayar nan da wasa ba.

Yanzu a koma ga yaron nan. Kuskurensa na farko shi ne zaton takardar sakamako ita ce dukan tarihinsa. A jami'o'i da yawa fayil biyu ake ajiyewa, ɗaya na maki a ofishin rajistara, ɗaya na ɗa'a a ofishin shugaban harkokin ɗalibai, kuma makarantar da ta ba shi gurbi tana iya neman shaida daga ofishi na biyu. Malaman da za su rubuta masa takardar yabo ma wani cikinsu yana iya ambaton zancen da kyakkyawar niyya, don ya nuna yadda yaron ya gyaru, bai san cewa an ɓoye shi ba. Kuskure na biyu ya fi girma. A ƙarshen takardar, mai nema yana tabbatar da cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. In ya ce a'a, ya aikata sabon laifi ke nan, kuma wannan ba na ɗan shekara 18 a cikin ruɗewa ba ne, na baligi ne ɗan 22 wanda ya zauna ya yi tunani. Makaranta tana da ikon janye gurbin, ko ta kore shi ko da ya yi nisa, bayan ya ci bashin karatu mai nauyi. A jihohi da dama kuma hukumar ba da lasisi za ta sake yi masa irin wannan tambaya bayan shekara huɗu na karatu, a lokacin da a'ar farko ta riga ta ɗaure shi. Ramin ƙarya, in ji masu iya magana, ƙurarre ne.

Ilmin halittu yana da abin cewa a kan tazarar nan ta shekaru. Hotunan ƙwaƙwalwa da Jay Giedd da abokan aikinsa suka yi ta ɗauka na yara ɗaya-ɗaya har tsawon shekaru, waɗanda suka buga sakamakonsu a 1999, sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauyawa a lokacin samartaka. Binciken da ya biyo baya ya nuna sashen da ke bayan goshi, wanda ke aikin hangen ƙarshen al'amari da danne son zuciya, yana cikin na ƙarshen nuna, har sai mutum ya shiga shekarunsa na ashirin. Wannan ba uzuri ba ne, domin dubban 'yan shekara 18 sun rubuta rahotonsu da hannunsu. Amma yana bayyana dalilin da ya sa kwamiti mai hankali yakan duba yaushe aka yi laifin, sau nawa, da abin da mutum ya yi a shekarun da suka biyo baya.

Saboda haka wanda ke da irin wannan tabo zai fara ne da sanin abin da aka rubuta a kansa. Wata dokar Amurka ta 1974 ta ba ɗalibi ikon ganin fayil ɗinsa, kuma wajibi ne makaranta ta nuna masa cikin kwana 45. In ya yi shakkar ko gargaɗin baki ya shiga cikin abin da ake tambaya, ofishin da ya yi hukuncin zai tambaya, ba abokai ba. Sa'an nan ya amsa i, ya yi bayani a ɗan filin da aka tanada: abin da ya yi, da shekarar, da hukuncin, da abin da ya sauya. Bayanin da ya fi ɓata wa mai shi suna shi ne wanda ya ɗora laifi a kan malami, ko abokin da ya ba da rahoton, ko yawan aiki, domin wannan shi ne ainihin ƙin karɓar gyaran da binciken 2005 ya yi nuni da shi. Wanda ya cika takarda da kuka da la'antar kai shi ma bai taimaki kansa ba. A ranar ganawa da kwamiti za a iya tayar da zancen, kuma abin da baki zai faɗa ya dace da abin da hannu ya rubuta.

Ba daidai ba ne a yaudari ɗalibai cewa faɗin gaskiya ba shi da tsada. Masu nema sun fi guraben yawa, kuma akwai makarantar da za ta ga i ta ajiye takardar gefe, musamman in laifin sabo ne, ko an maimaita shi, ko kuwa ya kai ga sayen amsa da sa wani ya zauna jarrabawa. Mai irin wannan tarihi wataƙila sai ya jinkirta shekara ɗaya ko biyu, ya ƙara karatu ko ya yi aiki a asibitin haƙori, har ya sami waɗanda za su shaide shi da abin da suka gani da idonsu.

Ɗaliban sakandare a Nijeriya kada su ɗauka labarin wata duniya ne. Dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun, ga wanda bai kai 18 ba, kuma hukumar WAEC takan riƙe sakamako ko ta soke shi. Wanda jami'a ta dakatar ko ta kora, in ya nemi karatu a waje, zai tarar da tambayar tana jiransa, ga kuma giɓin zango ko shekara a takardunsa da sai ya yi bayaninsa. Malamai kuwa, su ne ke rubuta rahoton laifin tun farko, kuma su ake komawa wurinsu neman shaida bayan shekaru. Malamin da ya rubuta abin da ya faru daidai, da kwanan wata, ba ƙari ba ragi, ya kuma rubuta gyaruwar yaron in ya gan ta, ya bar masa takardar da zai iya nuna wa kwamiti ba tare da fargaba ba.